Na'urar finbol ta dauri a Jos: saye, kulawa da bin gasa

Finbol akwati ne mai ƙafa huɗu da nauyinsa kan kai kilo 110 zuwa 140. Ƙarƙashin gilashinsa akwai fili mai gangara, ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 27 kamar ƙaton boris yana gangarowa, ɗan wasa kuma yana tare shi da fukafukai biyu da ake dannawa daga gefe. Fukafukan nan sun fara ne a 1947, a na'urar Humpty Dumpty ta kamfanin Gottlieb da ke Shikago. Birnin Niyok ya ɗauki wasan a matsayin caca, ya haramta shi daga 1942, sai a 1976 da Roger Sharpe ya buga a gaban majalisar birnin ya nuna cewa gwaninta ce, sannan aka janye dokar.

Mai son tara su a Jos ya fara da sanin cewa na dauri zubi uku ne. Na farko, waɗanda aka yi har wajen 1977, babu kwamfuta a cikinsu, sai rile (makunnin da wuta ke dannawa) da moto da faya-fayan lamba masu juyawa suna ƙas-ƙas. Na biyu masu fanel na lantarki da lambobi masu haske. Na uku, daga 1991, masu allon ɗigo-ɗigo mai nuna hoto. A cikin na ukun ne ake samun waɗanda masu tarawa ke rububi: Medieval Madness ta Williams, 1997, wajen guda 4,000 aka ƙera, Cactus Canyon ta 1998, guda 903 kacal. A 1999 Williams ya rufe sashen finbol ɗinsa. Kamfanin Chicago Gaming ya sake ƙera waɗannan biyun daga baya, saboda haka idan mai sayarwa ya ce ta asali ce, a sa shi ya buɗe kan na'urar, wato akwatin da ke tsaye a bayanta, ya ɗauki hoton fanel-fanel da takardar lambar da ke manne. Sabuwar ƙira ba ta da tsofaffin fanel ɗin nan a kai.

Shawararmu ita ce kada na'urar farko ta zama mai wuyar samu. Wadda aka ƙera dubbai, irin na Williams da Bally na tsakanin 1990 da 1999, har yau ana buga kayan gyaranta sababbi. Wadda aka yi ɗari tara, in robar gadar da ƙwallo ke hawa ta karye, sai dai a yi ta cigiya. Mai rewaya na kirki kuma zai iya da zubin farko, muddin an ba shi zanen wayoyin, domin komai a fili yake, ana ganin abin da ya maƙale da ido.

Wuta kafin komai

A nan ake yin asarar farko. Wutarmu bolt 230 ce, zagaye 50 a daƙiƙa. Ta Amurka 120 ce, zagaye 60. Na'urar da aka yi wa kasuwar Amurka in aka jona ta kai tsaye, abin da ke tare hauhawar wuta a akwatin shigar wuta shi ke fara fashewa, in ba a yi sa'a ba taransifoma ya bi baya. Mafi sauƙi a sayo daga Turai, Jamus ko Faransa ko Italiya ko Holan, inda tun asali aka kai su a kan 220.

In ta Amurka ce, taransifoman Williams da Bally na shekarun 1990 yana da mahaɗar da ake sauya wa wayoyi ya karɓi 230, kuma zanen yana cikin littafin na'urar. Abu uku ake yi tare: a sauya wayoyin, a canza matarin wutar nan daga mai bolt 130 zuwa mai 275, a sa fis mai ƙarancin amfiya daidai da abin da littafin ya rubuta. Wanda ya yi na farko ya bar sauran biyun, bai gama ba.

Taransifoman rage wuta da ake sayarwa a kasuwa yana sauke bolt, amma ba ya taɓa zagayen. Saboda haka moton zubin farko da aka yi wa 60 zai riƙa juyawa da jinkirin kashi ɗaya cikin shida. Na'urar tana aiki, sai dai lissafin maki ya yi nawa. Wasu na'urorin kamfanin Stern na bayan 2000 da aka yi wa Amurka kuwa suna gane zagaye 50, su rubuta a allo cewa ba za su yi aiki a wannan ƙasa ba. A tambaya kafin a biya.

Kowace na'ura ta samu sitabilaiza nata mai wat 1,000, da soket mai wayar ƙasa ta gaske, don dogon ƙarfen gefen da tafin hannu ke kai zai iya jan mutum. Inbata ya zama mai ba da tsabtatacciyar wuta. Ƙaramin janareta mai hawa da sauka, a bar shi ga fanka. In an ɗauke wuta a zare fulogi, haka ma in hadari ya taso, tsawar damina a kan dutsen nan ba ta wasa.

Abin da za a gani kafin kuɗi su fita

Tunda galibi daga nesa ake cinikin, hoto da bidiyo ne idonka. Na farko hoton wurin batir. Fanel ɗin ƙwaƙwalwa na Williams yana ɗauke da batir uku masu girman AA, tsofaffin Bally da Gottlieb kuma batir mai caji ne aka liƙe da dalma. In sun daɗe sai su tsiyaye, ruwan ya gangara ya ci layukan tagulla. Alamarsa kore-kore ko fari-fari a ƙafafun kayan da ke ƙasa da batir ɗin. In kaɗan ne, ana cire kayan da abin ya shafa, a wanke da binega da ruwa rabi da rabi, a ɗauraye, a bi da sifirit, a bushe sosai. In ya yi nisa, a saka kuɗin sabon fanel a cikin ciniki.

Sai mahaɗun fitilu: farar roba da ta koma ruwan ƙasa ta sha zafi ke nan. Sai fentin fili a kusa da ramuka da masu tunkuɗa ƙwallo, inda yake cinyewa har katako ya fito. Sai gilashin kai, a ɗauki hotonsa ta baya da fitila, a ga ko fenti na ɓarewa. Sai gindin akwatin, in ya kumbura ya taɓa zama cikin ruwa. Daga ƙarshe bidiyon gwajin da na'urar ke yi wa kanta, koyil bayan koyil (koyil shi ne naɗin waya mai fizgar sandar ƙarfe, shi ke motsa fukafukai da masu tunkuɗa ƙwallo).

Wajen ɗauko ta, a cire ƙwallaye da akwatin kuɗi da ƙafafu, a kwantar da kai a kan kwali a ɗaure, a tsayar da ita a kan gindinta na baya bisa katakon lodi. Daga tashar Legas zuwa Jos tafiyar wajen kilomita 1,000 ce, kuma girgizar hanya tana sassauta mahaɗu. In ta iso, kada a yi ɗokin kunnawa. A bi kowace mahaɗa a danna, a duba kowane fis da littafi, sau da yawa za a tarar wani ya sa wanda ya fi ƙima. Sifanonin inci ake bukata, na milimita suna cinye kan noti.

Gilashin sama kuma mai gashi ne, kada gefensa ya taɓa tayil. A jingine shi a kan kwali, in ba haka ba sai a ji tas, ya zama tsakuwa.

Hunturu da damina

Ƙurar hunturu ita da ƙwallon ƙarfe sun zama sanfefa. A lokacinta a riƙa goge fili duk mako biyu da busasshen ƙyalle mai laushi, a shafa kakin kanuba irin na mota wanda ba shi da ɓarɓashi, a rufe na'urar da mayafi. Ruwa ba ya taɓa fili. Ƙwallo da ya yi tsatsa ko ƙarce a jefar, ya fi komai araha kuma shi ya fi komai ɓarna. Bushewar iska tana tsattsaga fenti bisa layin katako, damshin Yuli da Agusta kuma yana kawo tsatsa, don haka ɗaki na ciki ya fi gareji ko shago mai rufin kwano. A bar tazara da bango saboda gara, a toshe ramukan ƙasa da raga saboda ɓera.

Ba a sa wa sandar koyil mai. A bushe aka yi ta ta yi aiki, mai kuwa ƙura yake tarawa ya zama danƙo. Feshin WD-40 a kan rile yana iya kama wuta da tartsatsi. Bakunan makunnin zubin farko ana goge su da siririyar magagari, amma na masu fanel ruwan zinariya ne a kansu, kati mai tsabta kawai ake ja a tsakani.

Cuta uku ne suka fi yawa. Na'urar Williams ta mutu ta tashi in an danna fukafukai biyu tare: bolt 5 na ƙwaƙwalwa ne ke faɗuwa, a fara auna wutar bango, sannan mahaɗu, sannan babbar kafasita mai maikurofarad 15,000 da gadar diyod ɗinta. Koyil ya ja ya riƙe da zarar an kunna: a kashe nan take, taransistansa ya ƙone, kuma a canza diyod ɗin da ke tare da shi, in ba haka ba sabon ma zai tafi. Fiffike ya yi sanyi: hannun roba na cikin koyil da matsayar sanda sun cinye, a canza na hagu da na dama tare. Allon ɗigo-ɗigo yana ɗauke da sama da bolt 100, mai gyaran talabijin ya san da wannan kafin ya sa hannu.

Gasa

Ƙungiyar 'yan finbol ta duniya, IFPA, ce ke jera 'yan wasan duniya tun 2006, da makin da ake samu a gasannin da ta amince da su. Makin yana rage daraja da tsufa, bayan shekara uku ya faɗi. Ita ke shirya gasar duniya, Turai na da tata, akwai gasar INDISC a Kalifoniya, akwai baje kolin Pinball Expo na Shikago da ake yi tun 1985. Ana nuna manyan kai tsaye a Twitch da YouTube. Shikago tana bayanmu da awa shida ko bakwai gwargwadon lokacin shekara, don haka wasan ƙarshe yakan faɗo tsakar dare, gara a kalli maimaici da safe. Sunayen da za a fara nema su ne Keith Elwin, wanda yanzu yake zana na'urori a Stern, da Escher Lefkoff da ya ci babbar gasar wata ƙungiyar finbol mai suna PAPA a 2017 yana ɗan shekara 13, da Bowen Kerins mai bidiyon koyar da dokokin na'urori.

Mai kallo ya bar bin ƙwallo da ido, ya dubi fukafukai. Gwanaye ba sa dukan duk abin da ya zo. Suna barin ƙwallo ya faɗa kan fiffiken da ke kwance ya yi tsalle zuwa ɗayan, su ɗaga su riƙe shi a kwana, su numfasa, sannan su zaɓi inda za su harba. Girgiza akwati halas ne, amma akwai ɗan ƙarfe da ke rataye cikin zobe, in ya taɓa fiye da gargaɗin da aka yarda, an rasa ƙwallon da garaɓasar makinsa. Maido da ƙwallon da ya riga ya faɗa rami ta hanyar dukan akwati haramun ne a gasa.

Da na'ura biyu ko uku ana iya yin gasa a falo. A saita gangarar na'urorin shekarun 1990 a digiri 6.5 da manhajar awo ta waya, a ɗora wayar a kan fili, ba a kan gilashi ba. Ƙwallo uku kowane wasa, a kashe ƙarin ƙwallo. A raba mutane huɗu-huɗu, maki 7, 5, 3, 1, a sake cakuɗa su bayan kowane zagaye, manhajar Match Play tana yin wannan lissafin. Ana son sakamakon ya shiga jerin IFPA, sai a saka gasar a kalandarta aƙalla kwana 30 kafin ranar, kuma ƙofa ta zama a buɗe ga kowa. A rubuta tun farko abin da za a yi in wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa, a kuma sa mutum ɗaya ya riƙa rubuta makin kowa a takarda bayan kowane ƙwallo.