Canjin birkin gaba a motar tsere: wuraren da kuɗi ke zurarewa

Wani abokina mazaunin Abuja ya sayi Ford Mustang GT ƙirar 2016, 'yar Amurka da ta shigo ta Kwatano. Ya yi wata takwas yana shan iska da ita, sai ran nan birki ya fara ƙara kamar ana wasa wuƙa a kan dutse. Ya buga wa mai kayan gyara waya ya ce a kawo masa fad ɗin gaba na Mustang GT. Aka kawo, ya biya, aka ɓare kwali. Bakanike ya kwance taya, ya ɗauko sabon fad ya kara da tsohon, ya juya shi, ya sake karawa, sannan ya girgiza kai.

"Oga, wannan ba nata ba ne. Kalifar motarka fistin shida gare ta."

Gaskiyarsa. Kalifa ita ce maƙatar da ke rungume da faifan birki, fistin ɗin cikinta ke tura fad ya matse faifai mota ta tsaya. Ford ya fitar da GT na waɗannan shekarun da birkin gaba iri biyu. Akwai na gama-gari mai fistin huɗu da faifai milimita 352, akwai kuma na Performance Pack, wanda Brembo ya ƙera, mai fistin shida da faifai milimita 380. Suna ɗaya, jiki ɗaya, amma fad ɗin wannan ba ya shiga wancan. Mai shago ya ce kwalin da aka ɓare ba ya dawowa. Abokina ya sayi fad sau biyu a sati ɗaya.

Wannan shi ne kuskuren farko, kuma kusan kowa na yin sa: sayen kaya da sunan mota. A Corolla mutum zai iya tsira da haka, a motar tsere da wuya. Nissan 370Z mai kayan Sport tana da manyan kalifofi na Akebono waɗanda ƙaramar ba ta da su, haka Dodge Challenger, haka BMW da Porsche. Maganin abin ba wuya. A ba mai kaya lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, sannan a kwance taya a duba da ido, a ƙirga fistin, a auna faɗin faifai, a ɗauki hoton tsohon fad gaba da baya a tura masa. Lambar shasi kaɗai ba ta isa ba, domin masu irin waɗannan motoci a Amurka da Turai suna da son sake kaya. Mai yiwuwa wanda ya riƙe ta kafin kai ya cire na kamfani ya ɗora wani.

Kafin mu ci gaba, ya kamata a san dalilin tsadar, don kada a riƙa zagin bakanike a banza. Idan ka taka birki nauyin mota gaba yake tafiya, shi ya sa tayoyin gaba ke ɗaukar kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na aikin tsayawa. Birki kuwa ba abin da yake yi illa mayar da gudu zafi. Gudu ya ninka biyu, zafin da za a zubar ya ninka huɗu. Motar da aka ƙera don ta tsaya daga kilomita 250 a awa, ta sake tashi ta sake tsayawa ba tare da birki ya saki ba, dole ta zo da faifai mai faɗi da kauri, da kalifar alminiyam, da fad mai jure wuta. Kamfanoni ƙalilan ne ke wannan sana'ar, babbansu Brembo na Italiya, wanda aka kafa a 1961 kusa da Bergamo. Kayan da dala da yuro ake sayo su, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 kowa ya ga yadda farashin kayan waje ya yi tashin gwauron zabi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da za a iya hanawa shi ne zubar da ba ta zama dole ba.

Babbar ɓarna a wajen faifai take, kuma ta fuska biyu take zuwa. Wani garejin da zarar ka shiga za a ce fad da faifai duk su tafi, ba wanda ya taɓa ma'auni. Wani kuma zai ce faifan nan lafiyarsa ƙalau, a ɗora sabon fad kawai, shi ma da yatsa ya shafa. Dukkansu caca suke da kuɗinka. A jikin kowane faifai, a gefen baki ko a kan hular tsakiya, an buga rubutu MIN TH da lamba a gabansa. Wannan shi ne kaurin ƙarshe da kamfani ya yarda a hau. A yawancin faifai abin da ke tsakanin sabo da matacce bai wuce milimita 2 ba, abin da ido ba zai iya rarrabewa ba. Ka ce a goge tsatsa a nuna maka lambar, a kawo maikiromita, wato ma'aunin kauri, a auna a gabanka, wuri uku ko huɗu a kewaye. A kula da leɓen da ke tasowa a bakin faifai inda fad ba ya taɓawa: idan ma'auni ya hau kansa zai nuna kaurin da babu shi. Faifan da ke da sauran kauri, fuskarsa sumul, babu tsaga, zai iya cinye fad na biyu, ka ga ka tsira da mafi yawan kuɗin. Wanda ya sauka ƙasa da lamba kuwa ba ya ɗaukar zafi, zai gasa sabon fad ɗin, ka dawo ka biya kuɗin aiki karo na biyu.

Kai faifai wurin mai inji ya kankare masa fuska dabara ce da ke aiki a ƙananan motoci. A nan ba ta cika biya ba, don ɗan kaurin da ya rage shi injin zai cinye. Faifai masu huda-huda kuma tsaga ce ke kashe su. 'Yan siraran layuka a bakin rami ba komai ba ne, amma in tsagar ta haɗa rami da rami, ko ta kai bakin faifai, aikinsa ya ƙare ko da kaurin yana nan. Wasu faifan gida biyu ne, zobe na ƙarfe da hula ta alminiyam da aka ɗaure da kusoshi. A wasu daga cikinsu ana samun zoben shi kaɗai, sai a tambaya kafin a biya kuɗin duka.

Jan ƙafa shi ma tsada ne. Fad ya sauka zuwa milimita 3, lokaci ya yi. Mai cewa bari albashi ya shigo, bari a dawo daga tafiya, shi ke wayar gari bayan fad, wanda ƙarfe ne zalla, yana noman faifai. Garin neman gira a rasa ido. A leƙa na ciki da na waje duka, domin ba kullum suke cinyewa tare ba, kuma idan ɗaya ya riga ɗaya da nisa to akwai fistin da ke maƙalewa. A BMW da Porsche da Mercedes akwai 'yar waya mai kunna wuta a dashbod idan fad ya yi ƙasa. Da ta kunna wutar ta mutu ke nan, sabuwa ake sawa. Kuɗinta kaɗan ne, sai dai mantawa ake da ita, sai an kwance mota a fara neman ta.

Yanzu ga inda ake kuka da hawaye: faifan kabon da yumɓu, wanda Porsche ke kira PCCB, ya kuma sa shi a 911 GT2 a 2001. Ferrari da Lamborghini da wasu Mercedes AMG da Corvette duk suna da irinsa. Nauyinsa kamar rabin na ƙarfe ne, ba ya tsatsa, ba ya baƙanta rim da ƙura, kuma a tuƙin gari yana daɗewa ƙwarai. Amma faifai guda kuɗinsa dubban daloli ne, biyun gaba za su iya sayen wata motar mai lafiya. Mutane da dama suna sayen tsohuwar mota ba su san shi ke ƙarƙashinta ba. A al'adar Porsche kalifa ruwan ɗorawa alamarsa ce, ja kuma na ƙarfe ne na manyan samfura, sai dai fenti ba shaida ba ne, kowa na iya fesa kalar da ya so. Ka kara maganaɗisu a fuskar faifan: ƙarfe zai kama, yumɓu ba zai kama ba.

Wannan faifai ba ya sirancewa kamar na ƙarfe, daga ciki yake ƙonewa, don haka maikiromita ba ta faɗin gaskiyarsa. Ko dai a cire shi a ɗora a sikeli a gwada da nauyin ƙarshe da aka rubuta a jikinsa, ko a auna da na'ura ta musamman. Abu biyu ke kashe shi tun kwanansa bai ƙare ba. Ɗaya, barin fad ya cinye sosai, shi ya sa masu hankali ke canja nasu da sauran nama a jiki. Ɗayan kuma abin takaici ne: yaron gareji ya kwance kusoshi, rim ya suɓuce ya bugi bakin faifai, ya ɓantare. Akwai dogayen sanduna da ake ɗaurawa a mazaunin kusa don taya ta zamo a kansu ta fito. Garejin da bai san da su ba, kada ya taɓa motar. Wanda faifansa ya mutu kuma aljihu bai kai ba, akwai kamfanonin da ke yin na ƙarfe daidai girmansa, da fad ɗin da ya dace. A ganina, ga mai hawa a titunanmu, wannan ba abin kunya ba ne ko kaɗan.

Sai batun inda za a sayi kaya. Wasu sun ɗauka in ba kwalin kamfanin mota ba to jabu ne. Alhali kamfanonin mota ba su cika yin fad da faifai da kansu ba, sayowa suke daga irin su Brembo, Textar, Pagid, ATE da Akebono, su sa tambarinsu su ƙara kuɗi. Kayan waɗannan a kwalinsu na asali sau da yawa sun fi sauƙi. Wasu kuma sun faɗa ɗaya ramin, sai su ga kwali ja an rubuta Brembo, kuɗin kashi ɗaya cikin uku na abin da aka sani, su ce sun yi tsintuwa. Araha ba ta ado. Sunan da ya fi tashe shi 'yan jabu suka fi kwaikwaya. A Turai akwai dokar ECE R90, wadda ta ce fad ɗin canji kada ya kauce wa aikin na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari, kuma wanda ya ci gwajin ana buga masa lamba mai ɗauke da 90R a bayansa. Rashin lambar a kayan da aka ce na Turai ne abin tuhuma ne. Samunta kuma ba rantsuwa ba ce, mai buga tambari zai iya buga lamba. Ko a Kofar Ruwa ne, ko Panteka, ko Apo, ko Ladipo, mai shagon da ka sani wanda zai karɓi kayansa in an samu matsala ya fi kowace alama.

Fad ɗin filin tsere ba na zuwa ofis ba ne. Sai ya yi zafi yake kamawa, da sanyin safiya santsi gare shi, ga ihu, ga cin faifai. Ka biya ninki ka sayi wahala.

Man birki shi ne mafi arha a lissafin, shi ne kuma aka fi watsarwa. Yana shan danshin iska a hankali. Nau'in man da ake kira DOT 4, in sabo ne, ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Selshiyas, amma in ya sha ruwa ma'aunin da aka yarda masa ya sauko 155, kalifar motar tsere kuwa tana iya kaiwa nan a gangara mai tsawo ko bayan 'yan taku masu ƙarfi. In ya tafasa feda sai ta nutse ƙasa, mota na tafiya. Kamfanonin Jamus shekara biyu-biyu suke cewa a canja. A sa daga sabuwar kwalba da aka buɗe a gabanka, ban da ragowar da ta kwana a kanta tun damina. DOT 4 da DOT 5.1 dangi ne, amma DOT 5 na silikon ne, ba ya gauraya da su, kusancin lambar ne ke ruɗin mutane. Idan ana tura fistin baya man yana tasowa a tulunsa, in ya zubo a fenti zai ci shi.

Ka nemi a rubuta maka lissafi daki-daki kafin a kwance ko kusa ɗaya: fad, faifai biyu, wayar gargaɗi, kusoshin kalifa idan na sawa ɗaya ne kamar yadda Porsche ke cewa a sabunta, mai, sannan kuɗin aiki. Aikin kansa awa ɗaya zuwa biyu ne a hannun wanda ya iya. Hagu da dama tare ake canjawa, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe.

Ranar aiki ka tsaya a wurin. Wasu faifan akwai na hagu da na dama, saboda hanyoyin iskar da ke cikinsu karkatattu ne, in aka musanya ba za su huce daidai ba. Kada a bar kalifa tana reto a jikin tiyon mai, a rataye ta da waya. Mazaunin faifai a kankare shi fes, don tsatsar da ba ta kai kaurin takarda ba ta isa ta karkatar da shi. Kusoshin taya da sifana mai awon ƙarfi ake ɗaure su, a tsallake-tsallake, ba da bindigar iska ko tsalle a kan bututu ba. Kafin a sa giya a taka feda sau da yawa har ta yi tauri, domin takun farko bayan an tura fistin baya ba ya kamawa, kuma gini ko motar wani na gaba.

Sai a nemi titi marar cunkoso a zaunar da sabon birkin: a kai wajen kilomita 100, a taka da ƙarfi zuwa kamar 20 ba tare da tsayawa cak ba, a maimaita sau takwas ko goma, sannan a yi tafiyar 'yan mintuna ba taka birki don ya huce. Wanda ya tsallake wannan, ko ya tsaya ya danne feda faifai na tururi, shi ne bayan wata biyu zai dawo yana cewa sitiyari na rawa, faifai ya lanƙwashe. Galibi bai lanƙwashe ba, naman fad ne ya manne masa tabo-tabo. In abin bai yi nisa ba, sake zaunar da birkin kan share shi, a gwada hakan tukuna kafin a yi odar wani faifan.