Yadda Ake Aiki da Ratayen Ƙasa a Lissafin Gini na Eurocode

Kafin ka taɓa kwamfuta, rubuta tambaya ɗaya a saman takardar lissafinka: a wace ƙasa ginin nan zai tsaya? Ni da ita nake fara duba aikin kowane matashin injiniya da aka kawo min, domin a tsarin Eurocode, wato ƙa'idojin lissafin gini na Turai, amsarta ce ke yanke maka lambobin da za ka yi aiki da su.

Ga dalili. Eurocode kundi goma ne, daga EN 1990 zuwa EN 1999, na kankare, ƙarfe, katako, bulo, harsashi, girgizar ƙasa da sauransu. Ƙasashen Turai sun yarda da hanyar lissafi ɗaya, amma kowace ta riƙe ikon cewa ga iyakar kariyar da take so ga mutanenta. Shi ya sa a wurare da dama kundin zai ba ka lamba ya ce shawara ce kawai. Zaɓin ƙasa yana cikin wani ɗan littafi daban, ratayen ƙasa, wanda za ka ga haruffan NA a bangonsa. Kowane sashe da ratayensa. Idan kana da EN 1992-1-1, sashen kankare, ba ka da ratayen, rabin littafi ke hannunka.

Ka ajiye su biyun gefe da gefe, da fensir. Duk inda ka ga an ce ƙasa na iya zaɓa, ka buɗe ratayen ka rubuta lambarsa a gefen shafin. Aiki ne mai cin rai, amma sau ɗaya ake yin sa.

Inda na fi so ka tsaya shi ne kankare. Akwai wata lamba, αcc, da ake rage ƙarfin kankare da ita saboda daɗewar nauyi a kansa. Kundin ya ba da shawarar 1.0, Birtaniya ta zaɓi 0.85 wajen lanƙwasa da matsi. Ɗauki kankare C30/37, wanda ƙarfinsa a lissafi 30 ne. Da shawarar kundin, 30 a raba da 1.5, lambar kariya ta kankare, ya ba ka 20. Da zaɓin Birtaniya, a ninka da 0.85, 17 za ka samu. Kankare ɗaya, siminti ɗaya, amma ginshiƙin da ya wuce a lissafin farko yana iya neman ƙarin rodi ko ƙarin kauri a na biyu. Manhajar lissafi ba za ta gargaɗe ka ba. Ƙasar da aka saita mata take bi, kuma na ga lissafin da aka gama tas alhali akwatin zaɓin ƙasa yana nan yadda ya zo daga kamfani.

Haka wajen haɗa nauyi. An saba ninka nauyin ginin kansa da 1.35, na mutane da kaya kuma da 1.5. A tsari na 6.10b na EN 1990 ana rage 1.35 ɗin ta hanyar ninka shi da wata lamba: kundin ya ce da 0.85, Birtaniya ta ce da 0.925, abin ya koma kusan 1.25. Harsashi ma hanyoyi uku EN 1997 ya shimfiɗa, Birtaniya ta ɗauki ta ɗaya, Jamus tana bin ta biyu a harsashin gini.

Kada ka yi tsince-tsince. Wanda ya ɗauki 1.0 na kundin don kankare, ya ɗauko sassauci daga ratayen wata ƙasa don nauyi, ya haɗa abin da babu hukumar da ta taɓa aunawa. Lambobin rataye ɗaya tare aka daidaita su, tare kuma ake amfani da su. Wannan abu yana damuna ƙwarai, saboda a takarda ba ya nunawa, sai dai rodi ya ragu, mai gini ya yi murna.

Mu da muka taso a Najeriya da BS 8110, tsohon kundin kankare da Birtaniya ta janye a 2010, hannunmu ya fi saurin kai wa ratayen Birtaniya. To, a nan sai an yi hattara da iska. Taswirar da ke ciki ta Birtaniya ce, ba ta san guguwar farkon damina da ke yaye kwano a Kano ko Sakkwato ba. Nemi bayanan iska na wurin daga NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, sannan ka tambaya yadda aka auna su. Eurocode yana son matsakaicin gudun iska na minti 10, a tsayin mita 10, a fili. Idan abin da aka ba ka bugun daƙiƙa 3 ne irin na CP3, tsohon kundin Birtaniya na iska, sai ka juya shi kafin ka sa a lissafi. Zafi da yanayin ƙasar da za a haƙa harsashi ma na wurin ake nema.

Idan hukumar da za ta amince da zanen ba ta fayyace ratayen da za a bi ba, ku zauna da ita da mai aikin ku daidaita a rubuce tun kafin a fara. Sannan a shafin farko na lissafin ka jera kowane kundi da shekarar bugunsa, ratayen da ka bi, da inda ka samo gudun iska, ka sa hannu.