Yadda ake gwada danshin ƙasa kafin ban ruwa

Saman ƙasa yana yaudara. Rana kan busar da shi alhali ƙarƙashi da sauran lema, don haka inda saiwa take za ka duba.

1. Haƙa rami kusa da shuka, zurfin santimita 20 zuwa 30, a wuri uku: inda ruwa ke shiga, tsakiya, da ƙarshen kunya.

2. Ɗebo ƙasa daga gindin ramin, ka dunƙule ta a tafin hannu.

3. Buɗe hannun. In ta warwatse, lokacin ruwa ya yi. In ta tsaya dunƙule har ta bar lema a tafinka, dakata. In ruwa ya tsatso tsakanin yatsu, ya yi yawa, saiwa ba ta samun iska. Amma fa jigawa ba ta dunƙulewa sosai ko da danshi, laka kuwa takan riƙe siffa ko ta fara bushewa.

4. Saki ruwan a hankali. In ya fito ƙarshen kunya da laka, ƙasar sama da takinka yake kwashewa, rage shi.

5. Washegari soka sandar ƙarfe. Inda ta cije, nan ruwan ya tsaya.