Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Wa'azin Almasihu Daga Tsohon Alkawari

A ranar da ya tashi daga matattu, Yesu ya tarar da almajirai biyu a hanyar Imuwasu, ya fara daga Musa da dukan annabawa, yana bayyana musu abin da Littattafai suka faɗa a kansa (Luka 24:27). Bulus kuma ya kira Adamu kwatancin mai zuwa, wato Almasihu (Romawa 5:14). Kalmar da ya yi amfani da ita a Helenanci ita ce tupos, wato shatin da hatimi kan bari a jikin abu. Saboda haka fasto ko malamin makarantar Lahadi da ya ɗauko labarin Ishaku ya kai jama'a gindin gicciye yana kan turba. Inda ake tuntuɓe shi ne wajen haɗa labarin da cikarsa.

Kuskure mafi sauƙin gyarawa shi ne ƙara wa nassi gishiri don kwatancin ya zauna daram. Sau da yawa za ka ji an ce an sayar da Yusufu a kan azurfa 30, kamar Yesu. Buɗe Farawa 37:28: azurfa 20 Isma'ilawa suka biya. Talatin ɗin na Yahuza ne (Matiyu 26:15), tushensa kuma yana Zakariya 11:12-13 da Fitowa 21:32, inda aka yanka shekel 30 diyyar bawan da sa ya kashe. Haka ma cewa Ishaku yana da shekara 33 lokacin da aka ɗaure shi. Farawa 22 bai faɗi shekarunsa ba. Abin da ya nuna shi ne ya kai ƙarfin ɗaukar itacen hadaya. Wasu kuma sukan ce a kan dutsen Moriya aka gicciye Yesu, alhali 2 Tarihi 3:1 Haikalin Sulemanu ya ce an gina a wurin, bai ambaci Golgota ba. Maganin bai wuce a buɗe ayar kafin a hau bagade ba. Matashi ɗaya da Littafi Mai Tsarki a wayarsa ya isa ya gano kuskuren tun ana tsakiyar wa'azi, daga nan kuma sauran maganar ta yi rauni a kunnensa.

Wanda ya fi wannan zurfi shi ne neman Almasihu a kowane zare da kowace lamba. Ba yau aka fara ba. Akwai wani tsohon rubutu da ake kira Wasiƙar Barnaba, na tsakanin ƙarshen ƙarni na ɗaya da farkon na biyu. Ba ta cikin Littafi Mai Tsarki, kuma ta sha bamban da littafin nan da ake kira Linjilar Barnaba. Marubucinta ya ɗauki mutanen gidan Ibrahim su 318, ya ce a haruffan Helenanci 300 shi ne harafin da ya yi kama da gicciye, 18 kuma haruffa biyu ne na farkon sunan Yesu. Dabarar tana da daɗin ji, sai dai da Ibrananci aka rubuta Farawa. Da irin wannan lissafi babu abin da mutum ba zai iya ɗora wa nassi ba.

Gyaran shi ne a raba kwatanci hawa uku, a kuma gaya wa jama'a a wane hawa ake. Na farko, wanda Sabon Alkawari ya faɗa da bakinsa: Adamu, Malkisadik, Yunusa, macijin tagulla, ɗan ragon Idin Ƙetarewa (1 Korantiyawa 5:7), annabi kamar Musa (Maimaitawar Shari'a 18:15 da Ayyukan Manzanni 3:22). A nan kana iya cewa, "Ga abin da Maganar Allah ta ce." Na biyu, wanda nassi ya nuna da ishara bai furta ba. Yusufu yana nan: babu ayar da ta kira shi kwatancin Almasihu kai tsaye, amma Istifanas a Ayyukan Manzanni 7 ya jera shi da Musa a matsayin waɗanda 'yan'uwansu suka ƙi, Allah kuma ya yi ceto ta hannunsu. Na uku, abin da magabata suka hango, kamar jan zaren da Rahab ta ɗaura a tagarta (Joshuwa 2:18), wanda Kilemas na Roma, ɗaya daga cikin shugabannin ikkilisiya na farko, ya fassara da jinin Ubangiji. Kana iya kawo shi, amma ka ce, "Haka wasu magabata suka gani." Kada ka gina koyarwa a kansa.

Wani kuskuren kuma shi ne wanke mutanen kwatanci fes. Don Dauda ya dace da Almasihu, sai a tsallake 2 Sama'ila 11, a manta da Batsheba da jinin Uriya. Ana yi wa Musa haka, alhali an hana shi shiga Kan'ana saboda abin da ya yi a Meriba (Littafin Ƙidaya 20:12). Wannan yana kashe ainihin darasin, domin rabin kwatanci a bambanci yake. Bulus yana gama kiran Adamu kwatancin mai zuwa, aya ta gaba ya ce baiwar ba kamar laifin take ba. A Matiyu 12 sau uku Yesu ya nuna fifiko: a kan Haikali, a kan Yunusa, a kan Sulemanu. Idan kana shirya darasi, ja layi a tsakiyar takarda. Hagu ka rubuta inda suka yi kama, dama inda mutumin ya gaza Almasihu ya cika. Idan dama ta fita fayau, ba ka gama shiri ba.

Labarin Ishaku yana bukatar wannan layin sosai. Ɗa ƙaunatacce ne, ya ɗauki itacen da za a miƙa shi a kai, Ibraniyawa 11:19 kuma ta ce a misalce Ibrahim ya karɓe shi daga matattu. Amma Ishaku bai mutu ba. Ragon da ƙahoninsa suka sarƙe a kurmi shi aka yanka a madadinsa (Farawa 22:13). Idan ana maganar mutuwa a madadin wani, ragon ne hoton, mu kuwa muna wurin Ishaku da aka kwance. An tsayar da hannun Ibrahim, amma Allah bai hana Ɗansa ba (Romawa 8:32).

Game da Malkisadik, wasu sukan yanke hukunci cewa Yesu ne da kansa ya bayyana, don Ibraniyawa 7:3 ta ce ba shi da uba ko uwa ko asali. Ayar dai ta ci gaba ta ce an kamanta shi da Ɗan Allah, ba a kuwa kamanta mutum da kansa. Marubucin yana lura ne da cewa Farawa, littafin da ke cike da jerin zuriya, ya kawo wannan sarkin Salem a 14:18-20 ba tare da ambaton haihuwarsa ko mutuwarsa ba. Firist Balawi sai da shaidar zuriya yake aiki. Wannan firistancin bai dogara da ita ba, shi ya sa Zabura 110:4 ta jingina Almasihu da shi.

Yunusa, wanda wasu suka fi sani da Yunana, yana da nasa tarkon a kunnen Bahaushe. Mu da dare muke ƙirga kwana, don haka daga Juma'a zuwa Lahadi kwana biyu ne a wurinmu, sai mai sauraro ya ce ina ukun da ke Matiyu 12:40, inda Yesu ya ce zai yi kwana uku a cikin ƙasa kamar yadda Yunusa ya yi a cikin kifi? Wasu masu wa'azi, don su kuɓuta, sukan mayar da gicciyen ranar Laraba, su yi karo da Markus 15:42 da ya ce ranar shiri ce, jajibirin Asabar. Yahudawa sukan lissafa ɓangaren yini a matsayin rana guda. Nuna wa jama'a Esta 4:16, inda ta ce a yi azumi kwana uku dare da rana, sannan 5:1, inda ta shiga wurin sarki a rana ta uku.

Kuskuren da ya fi damunmu shi ne komawa riƙe inuwa bayan ainihin ya iso. Ibraniyawa 10:1 ta kira Shari'a inuwar kyawawan abubuwa masu zuwa, 10:4 kuma ta ce jinin bijimai da awaki ba ya ɗauke zunubi. Duk da haka akan ga wa'azin kwatanci ya ƙare da sayar da mai, ko gyale, ko sandar da aka ce irin ta Musa ce, ana cewa akwai iko a jikinsu. Duk mai koyar da macijin tagulla ya karanta wurare uku, ba biyu ba. A Littafin Ƙidaya 21 Allah ne ya umarci a ƙera shi, wanda aka sara ya dube shi ya rayu. A Yahaya 3:14-15 Yesu ya ce haka za a ɗaga Ɗan Mutum domin mai ba da gaskiya ya sami rai madawwami. A tsakaninsu akwai 2 Sarakuna 18:4: Isra'ilawa sun koma ƙona wa macijin turare, ana kiransa Nehushtan, sai sarki Hezekiya ya farfasa shi, aya ta 3 kuma ta shaida cewa sarkin ya yi abin da yake daidai a gaban Ubangiji.