Babi na Shida: Yadda Ake Zana Fure

A babin da ya wuce mun sha fama da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Yanzu za mu ɗan huta da rubutu mu zana fure. Kada wani ya ce wannan wasan yara ne. Hannun da ya iya zagaye cibiyar fure shi ne zai rubuta O mai kyau, wanda ya iya lanƙwasa ganyen fure kuma ba zai sake jin tsoron U ba. Iyaye mata masu ƙunshi da masu ɗinkin hula, ku kun daɗe kuna wannan aiki, fensir ne kawai baƙonku.

Kusan kowane aji sai an tambaye ni: "Malam, zane ba haramun ba ne?" Tambaya ce mai kyau. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa wani mai sana'ar yin hotuna ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, sai ɗan Abbas ya ce masa in dai dole sai ya yi, to ya riƙa yin itatuwa da abin da ba shi da rai. Fure yana cikin wannan. Ku kwantar da hankalinku.

Kayan aiki

Fensir ɗaya. Ku duba jikinsa kusa da gindi, za ku ga haruffa biyu, HB. Shi muke so. Sai magogi, sai takarda, ko da bayan tsohon littafin yaro ne. Sai ƙaramin gwangwanin tumatir wanda aka gama da shi, a wanke shi a shanya, a kula da bakinsa don yana yanka. Ban da biro. Abin da biro ya rubuta ya zauna ke nan, mu kuwa aikinmu na yau rabinsa gogewa ne.

Darasi na 1: Da'ira biyu

Da'ira ita ce zagaye irin na bakin kwano ko faifai. A ajiye takarda a kan abu mai tauri, benci ko allo, ba a kan cinya ba. A ɗora gindin gwangwani a tsakiyar takarda. Hannun da ba ya rubutu shi zai danne gwangwanin. Ɗaya hannun ya bi gefensa da fensir har a dawo inda aka fara. A ɗauke gwangwani. Ga babbar da'ira ta fito.

A yi ta da sauƙin hannu, don daga baya za mu goge ta. Wani dattijo a ajinmu na dare, manomi ne, shekara da shekaru hannunsa ya saba da ƙotar fartanya, ya danna fensir har bakinsa ya karye sau uku, takardar ta huje. Na ce masa, "Baba, ba huɗa muke yi ba, riƙe shi kamar za ka cire wa jikanka ƙaya." Ya yi dariya, daga ranar hannunsa ya saki.

Yanzu a tsakiyar babbar da'irar a zana wata ƙarama, girman ƙwayar gyaɗa. Harafin O ne kawai. Sunanta cibiya. In ba ta zagaye sosai ba, ba komai, a bar ta haka.

Darasi na 2: Ɗigo biyar

Ku tattara hankalinku nan, don a nan mutane suke faɗuwa.

Furen da za mu fara da shi furen kuɓewa ne. Kowa ya san shi: ruwan ɗorawa mai haske, da duhun ja a can cikinsa. Da safe yake buɗewa, kafin yamma ya yi yaushi, don haka mai son ganinsa ya leƙa bayan gida da hantsi. Ku ƙirga ganyen furen, wato waɗannan fala-falan masu laushi da suka kewaye cibiya. Biyar ne. Ba huɗu ba, ba shida ba.

Ga abin da ke faruwa da kusan kowa. Da an gama cibiya sai hannu ya yi sauri ya kama zana ganye. Na farko ya fito ƙato, na biyu ƙato, na uku ƙato, na huɗu ya matsu, na biyar kuwa babu inda zai zauna. Kamar tabarma ce da mutum uku suka baje a kai, sauran biyu suna tsaye. Maganin wannan shi ne a raba wa kowa wurinsa tun kafin a zauna.

Saboda haka kada a zana ganye tukuna. A fara sa ɗigo biyar a kan layin babbar da'ira. Ɗigo shi ne a taɓa takarda da bakin fensir a ɗaga, kamar ɗigon da ke kan harafin i.

Ina za a sa su? Ku tuna da mutum a tsaye, ya buɗe hannuwa, ya ware ƙafafu. Ɗigo na 1 shi ne kai, can sama daidai tsakiya. Na 2 da na 3 hannuwa ne, ɗaya dama ɗaya hagu, sun ɗan fi cibiya tsawo kaɗan, kamar kafaɗu. Na 4 da na 5 ƙafafu ne, a ƙasa, a ware. Kai ɗaya, hannu biyu, ƙafa biyu. Nawa ke nan? Biyar.

Ku ɗora yatsa a kan kowane ɗigo ku ƙirga da baki, a ji muryarku: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Sannan ku duba tazarar da ke tsakaninsu. In ƙafafun sun haɗe wuri ɗaya, a goge a ware su. In hannuwan sun sauko har ƙugu, a goge a ɗaga su. Goge ɗigo ba wuya. Goge fure ɗungurungum shi ne aiki.

Yau ba za mu wuce nan ba. Aikin gida: da'ira goma, kowace da cibiyarta da ɗigonta biyar. Na san wasu za su ce aikin ya yi kaɗan. Ku yi shi dai. Sannu ba ta hana zuwa.

Darasi na 3: Ganyen fure

Kafin komai, ku duba takardarku. Akwai ɗigo biyar? In babu, a ajiye wannan darasi a koma na 2.

To, madalla. A sa bakin fensir a gefen cibiya. A ja layi ya ɗan yi ciki waje, ya hau har ya taɓa ɗigon kai, ya juyo ta ɗaya gefen ya dawo cibiya. Abin da ya fito harafin U ne a kife, ko ku ce bakin ludayi. Ganye na farko ke nan.

Yanzu kada ku murɗe wuyan hannunku don ku kai ga na biyu. Takardar za ku juya. A juya ta har ɗigon hannun dama ya koma sama ya zama shi ne kai, a sake yin U a kife. A sake juyawa, a sake yi. Haka har sau biyar. Kowane ganye ɗigonsa yake nema, ba ya shiga gonar maƙwabcinsa. In gefensu ya ɗan hau kan juna babu laifi, na kuɓewa ma haka yake.

In an gama, a goge babbar da'irar a hankali, ana riƙe takarda da ɗaya hannun kada ta yamutse. Abin da ya rage fure ne, kuma ku kuka zana shi.

Wata Inna da ke yi wa amare ƙunshi ta gama nata ta riƙe takardar nesa da fuska ta daɗe tana kallo. Ta ce ita da tsinke take nata, ba ta taɓa sanin fensir zai bi ta ba. Furenta ya fi nawa kyau, na kuma faɗa mata a gaban aji.

Amma bari in faɗi gaskiya, don ba za a yi ta shafa wa juna mai a baki ba. Duk shekara ina karɓar littattafai in ga fure mai ganye huɗu da wani ɗan tsurut a maƙale a gefe. In na ce, "Alhaji, ina ɗigonka?" sai a ce, "Ai Malam, a ido na auna." Haba! Idon da ya fara wannan aiki shekaranjiya? Tela ma da ya shekara talatin a kan keke ba ya yanka yadi sai ya sa alli. Magini ba ya ɗora tubali sai ya ja igiya. Ku ne za ku fi su? Na faɗa a aji, na rubuta a allo, ga shi na rubuta a littafi: kai ɗaya, hannu biyu, ƙafa biyu, sannan ganye. Wanda ya kawo mini fure babu alamar ɗigo, zan mayar masa da littafinsa, ko da ya haife ni. Ba don raini ba, iyayena. Gaggawar ce ba na so.

A zana biyar a gida. Ɗigo tukuna.

Darasi na 4: Kara da launi

Daga ƙarƙashin furen, tsakanin ƙafafun nan biyu, a ja layi ya sauka kamar lamba 1, ya ɗan karkata, don kara ba sanda ba ne. A ja wani kusa da shi. A jikin karan a sa koren ganye: na kuɓewa kamar tafin hannu yake da yatsu a buɗe. In ya yi wuya, a yi ganye irin na mangwaro: baka biyu suna fuskantar juna, da layi a tsakiya.

Mai fensir mai launi ya sa ruwan ɗorawa a ganyen fure, ja mai duhu kewaye da cibiya, kore a kara. Wanda ba shi da shi ya duhunta cibiya da fensirinsa, ya isa.

Da wannan zane ɗaya kun sami furen yakuwa da na rama da na auduga, don dangi ne, duk ganye biyar. Na auduga fari-fari yake buɗewa, washegari ya koma ja-ja.

Darasi na 5: Furen kabewa

A lura da rubutun: kuɓewa da ƙugiya, kabewa babu. Shi ma biyar ne, amma bakin ganyensa tsini ne. Maimakon U a kife, a yi layi biyu su haɗu a kan ɗigo kamar kan mashi. Sauran aikin duk ɗaya ne. Ɗigo tukuna.

Darasi na 6: Bado

Ana ganinsa a tafki da kududdufi da damina. Ganyen furensa suna da yawa, sirara masu tsini. A sa ɗigo takwas: sama, ƙasa, dama, hagu, sai ɗaya-ɗaya a tsakaninsu. Ba a yi masa kara, a ja layin ruwa a ƙarƙashinsa.

A zana uku, a kawo ranar Litinin tare da na kabewa.