Kafin ka tura bidiyon hari, duba shi tukuna

'Yan uwa matasan Gusau, in an turo muku bidiyon hari a WhatsApp, ku ɗauki sikirinshot ku saka a Google Lens, wato manhajar Google mai binciken hoto, kafin ku tura gaba.

Minti biyu ne, data kaɗan yake ci.

Zai nuno maka inda hoton ya taɓa fitowa, wallahi sau da yawa tsoho ne ko na wata ƙasa aka ce Tsafe ne ko Maru, kuma da irin wannan ake tunzura yara su tashi ramuwar gayya kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Amma baya aiki kan saƙon murya, ko sabon bidiyo. Nan sai dai ka kira wani ɗan garin da ka yarda da shi.