Yadda ake haɗa rababar Masar da yadda ake goga ta

Kayan kiɗa iri biyu ne ke amsa sunan rabab. Na Afganistan, wanda suke kira rubab, kaɗa shi ake yi kamar garaya. Ana fafe jikinsa daga kututture guda na itacen tut (mulberry a Turance), a rufe da fatar akuya. A 2024 UNESCO ta sa ƙera shi da kaɗa shi cikin jerin al'adun gado, da sunan Afganistan, Iran, Tajikistan da Uzbekistan. Ɗayan kuwa goga shi ake yi, dangin goge ne da kukuma, kuma masanin falsafa Al-Farabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya ambace shi a littafinsa na kiɗa. A wannan dangin, rababa mai tsirkiya biyu da mawaƙan kudancin Masar ke rera labarin ƙabilar Larabawa ta Banu Hilal da ita ta fi sauƙin haɗawa.

Nemi busasshiyar kwakwa mai kaurin ɓawo, wadda faɗinta ya kai santimita 10 zuwa 12, da sanda mai tauri kamar santimita 60, da siririn rodi kamar santimita 30, da fata, izgar doki, gam da ƙaron da ake shafa wa izgar baka, wato abin da ake goga rababar da shi.

Yanke kashi ɗaya cikin uku na kwakwar da zarto, ka kankare cikinta tas. Shimfiɗa samfefa a kan dakali, ka kifa bakin ƙoƙon, ka yi ta gurzawa har ya daidaita. Kada ka yi ganda a nan, domin baki mai tudu da kwari ba ya riƙe fata. Huda ƙananan ramuka a bayan ƙoƙon don murya ta fita, sannan ramuka biyu masu fuskantar juna, sama da ƙasa, inda rodin zai ratsa. Gama duk huda kafin fata ta hau.

Muryar rababa a fata take. Masarawa na amfani da fatar kifi; in babu, fatar ɗan akuya mara kauri, wadda aka cire wa gashi ba a jeme ba, za ta yi. Jemammiyar fata laushi gare ta, cinye sauti take yi. Jiƙa ta har ta saki, shafa gam a gefen ƙoƙon, ɗora ta, ka riƙa ja daga ɓangarori masu fuskantar juna, kana ɗaurewa da zare. Bar ta a inuwa kwana ɗaya ko biyu. Rana na busar da gefe ɗaya kafin ɗaya, sai fatar ta karkace, wani lokaci ma ɓawon ya tsage. In ta bushe, ƙwanƙwasa da farce: amo mai kaifi ake so. In ka ji "bif", sake jiƙawa.

Kafa rodin a gindin sandar, ka zura shi ta cikin ƙoƙon ba tare da ya taɓa fata ba. Ragowar da ta fito ƙasa ita ce ƙafa. A saman sandar huda ramuka biyu, ka sa turaku na ice masu tsini, waɗanda za a riƙa murɗawa. Wanke izga da sabulu don maiƙo ya fita, taje ta, ka raba dami biyu, ɗaya ya ɗan fi kauri. Kowane gashi ya ja daidai da ɗan'uwansa, guda ɗaya in ya yi sako-sako za ka ji zuuu a ƙarƙashin kiɗan. Ɗaura damin a rodi, ka kai su turaku. Wasu makaɗan yanzu waya suke sawa, ta fi ƙarko, amma tana rage wannan dushin murya da aka san rababa da shi.

Jaki, wato ɗan icen da ke ɗaga tsirkiya, ya zama mara nauyi, ya zauna sama da tsakiyar fata kaɗan. Matsa shi sannu a hankali kana gogawa har ka dace da inda murya ta buɗe. Saiti kuwa, in mai kaurin ta ce "do", siririyar ta ce "fa".

Wajen kiɗa, zauna ka kafa ƙafarta a cinya ko a ƙasa. Yatsun hagu taɓa tsirkiya kawai suke yi, ba sa danne ta har jikin sanda. Izgar bakan a sake take, yatsun dama ne ke ɗame ta. Abin da ke ba sabon shiga wuya shi ne sauya tsirkiya: baka na tafiya a layinsa, rababar ce ake juyawa da hannun hagu ta kawo tsirkiyar da ake so. Fara da dogon ja a tsirkiya ɗaya, ba yatsa, sai amon ya daina rawa.

In baka na zamewa shiru, ƙaro ya yi kaɗan ko hannu mai maiƙo ya taɓa izgar. In yana ƙara kamar ƙofa, ƙaron ya yi yawa ko ka matso da bakan kusa da jaki ainun. Turken da ke sulluɓewa a goga masa alli. Lokacin laima fata na saki, murya ta toshe. Kara ta nesa da garwashi na ɗan lokaci, kana gwada zafin da bayan hannu. Bayan kiɗa sassauta tsirkiya ka zare jakin, in ba haka ba zai lotsa fatar.